Gado na Tara Ya Ce Biyu

Litinin, 3 ga Maris

Ranar farko a aiki. Na isa bakwai saura kwata, ofishin bincike a kulle, na tsaya a baranda minti hamsin da biyar rungume da fayil.

Dakta, shugabar binciken, ta ba ni takardun tambaya guda arba'in da biro biyu. Aikina in zagaya ɗakin maza na tiyata sau biyu a rana, goma na safe da uku na yamma, in tambayi waɗanda suka yarda suka sa hannu. Tambayar ita ce: "Daga sifili zuwa goma, sifili babu ciwo, goma ciwon da ya fi kowanne tsanani, nawa ne ciwonka yanzu?" Sannan in nuna kati mai fuskoki shida, daga mai murmushi zuwa mai kuka, mutum ya taɓa ɗaya. Ana so a gano wanne marasa lafiya suka fi ganewa, lamba ko fuska.

Ƙa'idoji uku. Kar in ƙara kalma, kar in rage. In rubuta abin da aka faɗa, ba abin da na gani ba. Duk wanda ya ce huɗu ko sama, in sanar da Sista nan take a duba maganinsa.

"Ke ma'auni ce," in ji Dakta. "Ma'auni ba shi da ra'ayi." Hankalina ya kwanta da jin haka. Abin da na iya ke nan.

Umma ta tambaya ko an ba ni farar riga. An ba ni. Hannun ya yi mini tsawo.

Talata, 4 ga Maris

Mutum goma sha huɗu. Wani direba da aka yi wa aiki a ƙafa ya ce ɗari. Na ce goma ce iyaka. Ya ce, "To rubuta goma sau goma, ƙanwata, ƙafar tawa ce ba taki ba." Na rubuta goma, na gaya wa Sista. Na sake duba takardun sau uku kafin in miƙa.

Laraba, 5 ga Maris

Sabon mutum a gado na tara. Shekara sittin da takwas, mai gyaran agogo ne. Ya faɗo daga tsani yana rataya agogon bango, haƙarƙari uku sun karye ta hagu. Shi kaɗai ne ya karanta takardar yarda duka shafi huɗu kafin ya sa hannu. Ya kuma ce agogon ɗakin yana baya da minti huɗu. Na duba wayata. Huɗu ne cif.

Ƙarfe uku: ya ce biyu. Ya taɓa fuska ta biyu. Muryarsa ƙasa-ƙasa, kalma uku sai ya tsaya. Ya sa mini suna Malama Lamba.

Alhamis, 6 ga Maris

Gado na tara: biyu da safe, biyu da yamma.

Matarsa tana zaune a gefe da kwanon abinci a cinya, ba a taɓa ba. Ta ce mini, "'Yar nan, mutumin nan ko juyawa ba ya yi, tun jiya haka yake kamar katako." Ya ce, "Ni aka tambaya ko ke?" Ta ce, "Shekara arba'in ana tambayarka ni nake amsawa." Ya so ya yi dariya, sai ya danne.

Na ga yadda ya matse matashi a gefen ƙirji da hannu biyu. Na ƙirga numfashinsa ban yi niyya ba, ashirin da huɗu a minti, sama-sama. Ba aikina ba ne. Babu gurbin wannan a takarda.

Juma'a, 7 ga Maris

Biyu, biyu.

Sista ta tare ni a bakin ƙofa. "Na tara ɗinki fa?" Na ce biyu. Ta ce, "Jarumi ke nan. A bar shi a kan ƙwayar da yake sha." Tana da mutum talatin da ɗaya da nas biyu, ba ta ko zauna ba.

Tun Laraba likitan motsa jiki ya ajiye wa Baba na gado na tara wata 'yar roba mai ƙwallaye uku, ana zuƙar iska ta bututu ƙwallayen su tashi. An ce ya yi sau goma duk awa, ya kuma yi tari. Tana nan kan durowa, bututun ma ba a cire daga ledarsa ba.

Dakta ta duba takardun mako. Babu kuskure ko ɗaya. Ta ce ba ta taɓa samun sabuwa mai tsafta haka ba. Na maimaita maganar a raina har gida.

Asabar, 8 ga Maris

Hutu. Na karanta babin rabe-raben ciwo a littafin karatuna. Wanda ya zo da rauni ya tafi da warkewarsa daban, wanda ya wuce wata uku daban, shi ne mai zama. Ciwon bayan Umma shekara shida ke nan. Na ce, "Umma, yaya bayan?" Ta ce, "Da sauƙi." Ta ci gaba da wanki a zaune.

Litinin, 10 ga Maris

An ja labule a gado na tara.

Zazzaɓi talatin da tara da ɗigo biyu. An sa masa iskar oksijin. Hoton ƙirji ya nuna cuta ta kama ƙasan huhun hagu. Sista ta ce majina ce ta taru ta ruɓe saboda kwana biyar bai yi tari ba, bai ja dogon numfashi ba. Na yi alama a gurbin "ba ya iya amsawa."

Matarsa tana kan benci a baranda. Na gaishe ta. Ta ce, "Ke ce mai lambar." Na ce e, Mama. Ta ce, "Kullum biyu." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta yi faɗan.

Talata, 11 ga Maris

Na ɗauko takardunsa. Guda biyar. Laraba ɗaya, Alhamis biyu, Juma'a biyu. Kwanan wata daidai, lokaci daidai, sa hannu daidai. Na nemi kuskure na rasa. Shi ne abin da ya hana ni cin abinci.

Laraba, 12 ga Maris

Zazzaɓin ya ɗan sauka, idonsa biyu. Bayan zagayen goma na ajiye fayil a teburin Sista na koma wurinsa hannu sake.

Na ce, "Baba, don Allah, biyun nan da kake ce mini."

Ya janye abin iskar daga hanci kaɗan. Magana guntu-guntu. Ya ce, "Cewa kika yi yanzu. Yanzu, in ban motsa ba, ban ja iska da yawa ba, biyu ne. Wani lokaci ɗaya da rabi. Kin ce babu rabi."

Na ce, "In ka yi tari fa?"

Ya ɗaga yatsu. Biyar, sannan huɗu. Ya ce goman ya ajiye, bai san abin da ke gaba ba.

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba ki tambaya ba. Na ga sabuwa ce ke, kina bin layi da yatsa. Ban so in ɓata miki takarda."

Ashe ba jarumta ba ce. Ya gano yadda zai kwanta ciwon ya tsaya a biyu, ya kwanta haka kwana biyar, ni kuma ina zuwa sau biyu a rana ina rubuta cewa lafiya. Na karanta tambaya kalma da kalma, ya amsa kalma da kalma. Ba wanda ya yi ƙarya.

Ina tsaye tari ya kama shi ba shiri. Ba zan rubuta yadda fuskarsa ta koma ba. Babu ita a kati.

Na ruga wurin Sista. Na ce tara ne, in ya yi tari tara ne. Ta tsaya da tire a hannu, ta ce, "Innalillahi. Ni ma lambar na riƙa dubawa." Kafin azahar likitan sa barci ya zo ya yi masa allurar kashe zafi a gefen haƙarƙarin. Da uku ya yi tari sau huɗu, da gangan. Matarsa tana riƙe da kwano tana cewa, "Fito da shi, fito da shi."

Alhamis, 13 ga Maris

Na gaya wa Dakta. Na rubuta abin da zan faɗa a takarda tun a mota, da na shiga na kasa karantawa. Na ce na yi tambayar da ba ta cikin tsari. Na ce in korata za a yi, na gane.

Ta cire tabarau. Sannan ta tambaya mutum nawa ne masu rauni a ƙirji ko ciki suka ce ƙasa da huɗu suna kwance shiru. Na riga na ƙirga. Goma sha ɗaya cikin ashirin da shida.

Ta ce, "Ni na rubuta tambayar." Sai kuma, "Ba za a taɓa takardar ba sai kwamiti ya amince. Mako shida, wataƙila takwas." Na ce kafin nan fa? Ta ce takarda yadda take. "Amma in kin rufe fayil, ban san abin da kike hira da mutane ba. Sista tana da kunne."

Ba ta ce laifina ne ba. Ba ta ce ba laifina ba ne.

Juma'a, 14 ga Maris

Iskar jinin Baba ta faɗi zuwa kashi tamanin da shida. An ɗauke shi zuwa ɗakin kulawa ta musamman ƙarfe sha ɗaya da minti ashirin. A agogon ɗakin, da minti goma sha shida.

Kafin uku an sa wani a gado na tara. Aikin ciki. Ya ce uku. Na rufe fayil, na ce ya gwada tashi zaune. Bakwai.

Asabar, 15 ga Maris

Ba ni da izinin shiga ɗakin kulawa ta musamman. Ba ni da lambar wayar matar Baba.

Litinin, 17 ga Maris

Na ga Mama, matar Baba, a layin ɗakin magani. Ban iya tambaya ba, ita ta juyo. Ta ce, "Yana nan. Ya ce agogon can ma yana gaba da minti biyu." Na shiga banɗakin ma'aikata na kulle ƙofa. Minti shida.

Laraba, 19 ga Maris

An dawo da shi, gado na huɗu yanzu. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Ƙwallo biyu suna tashi, na ukun yana rawa a ƙasa.

Na karanta masa tambaya yadda take. Ya ce, "Biyu." Ya taɓa fuska ta biyu. Na rubuta. Na rufe fayil. Ya kalle ni yana jira.

"In ka yi tari, Baba?"

"Biyar. Jiya shida." Sannan ya ce, "Malama Lamba, a shago in mutum ya ce gilashi kawai zan canza, nakan kara agogon a kunne kafin in miƙa masa. Ni ma da na yi miki haka." Na ce laifin ba nasa ba ne. Mama ta ce, "Ku biyun nan, Allah ya shirye ku, kun dace."

Ban ba shi haƙuri da baki ba. Na gyara masa matashi.

Lahadi, 23 ga Maris

An ce za a sallame shi Talata idan hoto ya yi kyau. Likita ya ce huhun hagun ba lallai ya koma kamar da ba. Hawa tsani kuma ya ƙare. Na rubuta wannan don kar in manta da shi in na fara jin sauƙi.

Da safe Umma tana shanya. Na ce yaya bayan. Ta ce da sauƙi. Na ce, "In kin sunkuya ɗaukar bokiti fa?" Ta tsaya da rigar a hannu. Ta ce, "Wa ya gaya miki?" Ba wanda ya gaya mini. Ta zauna a bakin bokitin ta yi magana kusan rabin awa: yana farawa daga ƙugu, yana sauka ƙafar dama kamar zaren wuta, shi ya sa ta daina zuwa gidan Yaya mai bene. Shekara shida ina tsammanin ba sa jituwa ne. Na ƙarasa shanyar. Zan karɓa mata katin asibiti Alhamis.

Na shirya takardun gobe. Guda ashirin da biyu, babu kuskure. Na makon jiya dai akwai ƙananan lambobin tari da motsi a gefe, wajen layi, inda ba a ce a rubuta komai ba. Fensir ne, yana gogewa.

Ban goge ba.