Inda Nake Barin Shalele da Safe

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara baki ɗaya. Yaya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau. Shalele ta fito da haƙora biyu na sama, ta yi kwana uku tana rigima, yanzu ta warware. Ina zuwa aiki, kuma ina cin abinci, tunda na san shi za ki fara tambaya.

Saƙonki ya iso ta bakin Kawu, na kuma ga kiranki har sau huɗu ban ɗauka ba. Ki yafe mini, ba fushi ba ne. In na kara waya a kunne sai in rasa abin cewa, shi ya sa na ga gara in rubuta. Kin ce in kawo miki Shalele ki haɗa da naki, tunda namiji shi kaɗai ba zai iya da 'yar wata goma sha uku ba, ga aiki. Ba ki faɗi ƙarya ba, kuma babu wanda ya kai ni sanin riƙonki, tunda a bayanki na girma. Bari dai in ba ki labarin makonnin nan, sannan in ba ki amsa.

Tun rasuwar mamanta, wata huɗu ke nan, matar maƙwabcina ce ke riƙe ta da rana. Yanzu cikinta ya tsufa, likita ya ce ta daina ɗaukar abu mai nauyi. Da ƙyar ta iya gaya mini, tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta yi mini laifi. Na ce mata ba komai, kuma da gaske ban ji komai ba. Haka nake yanzu, Yaya. Mutane na yaba mini wai na yi tawakkali, ni kuwa na san ba shi ba ne. Kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta nake, in an taɓa ina gani amma ba na ji. A shago ina yanka gilashin ido, in sa a firam, in goge, in miƙa, ko kuskure ɗaya ban yi ba tun da na koma. Matar da ke karɓar mutane a gaban shagonmu, wadda muke kira Anti, ita ta ce in nemi gidan renon yara. 'Ya'yanta uku duk a irin gidajen suka yi rarrafe, don haka ta juya bayan takardar gwajin ido ta jera mini tambayoyi: yara nawa ke hannun mai reno ɗaya, ina ake canza musu ƙunzugu, ana wanke hannu ko ba a yi, me suke yi in zazzaɓi ya kama yaro, wa ake yarda ya zo ɗauka. Ta ce kada in sanar da zuwana, in buɗe hancina tun daga ƙofa, kuma in durƙusa in dubi ɗakin daga tsawon yaro.

Na farko da na je yana bakin babban titi, bene ne, an zana raƙumin dawa da giwa a bango. Akwai maigadi, sai ka cire takalmi kafin ka shiga. Shugabar mace ce mai tsabta da iya magana, duk abin da na karanto daga takardata kafin in rufe baki ta amsa. Ta nuna mini kyamarori, ta ce ina zaune a wurin aiki zan riƙa ganin 'yata a waya. Na durƙusa kamar yadda Anti ta ce, ƙasan ɗakin ko tsinke babu. Ta ce mai reno ɗaya yara huɗu take kula da su. Ni dai na ƙirga yara goma sha huɗu da mata biyu, ta ce sauran sun fita cin abinci ne, wataƙila kuma gaskiya ne. Abin da ya tsaya mini shi ne shiru. Wani yaro yana tsaye cikin gadonsa ya riƙe ƙarfe, ba ya kuka, ba ya wasa, ƙofa kawai yake kallo. Mai reno ta wuce shi sau biyu da robar abinci a hannu, ba ta dube shi ba, shi ma bai miƙa mata hannu ba. Na san irin wannan shirun, Yaya, da shi nake kwana. Kuma har muka fito babu wanda ya tambayi sunan Shalele sai da aka zo cike fom.

Na biyu a layinmu yake, wata baiwar Allah ce ke yi a falonta a hawa na biyu. Ta san marigayiya, tana ganin Shalele ta fashe da kuka ta rungume ta, ta ce ai 'yarta ce, ko ba komai ɗa na kowa ne. Zuciyarta fara ce, ban yi shakka ba. Amma yara tara ne a gaban talabijin ita kaɗai, wayar butar dafa ruwa na lilo daga kan tebur, ƙofar matakala a buɗe. Muna cikin magana na fita da gudu na kamo wani mai rarrafe a bakin matakalar. Ta yi dariya, ta ce wannan ɗan yawo ne, kullum sai ya gwada. Na ce mata zan yi shawara. Har yau in na hango ta sai in canza hanya. Akwai na uku kuma, wanda ban ma shiga ba, warin bokitin ƙunzugu ya mayar da ni tun daga zaure.

Na huɗun wani tsohon gida ne a bayan ƙaramin asibitin unguwa, mai shi nas ce da ta yi ritaya, kowa Sista yake ce mata. Da tsakar rana na faɗa musu, tun daga waje nake jin hayaniya. Na same ta zaune a ƙasa tana ba wani yaro abinci da cokali, wata kuma ta yi barci a kan ƙafarta. Ba ta tashi ba, ta ce in yi haƙuri in samu wuri in zauna. Fentin bango ya koɗe, motocin wasan wasu babu taya, kyamara kuwa babu ko ɗaya. Yara goma sha ɗaya, mata uku, na ƙirga sau biyu. Na ga ɗaya ta gama canza wa wani yaro ƙunzugu ta tafi famfo ta wanke hannu da sabulu, ba tare da ta san ina kallo ba. Na karanta tambayoyina, Sista na amsawa a gajarce. Ta ce ba su da likita, ba su da mota, in yaro ya yi zafi ita ke saɓa shi a kafaɗa ta zagaya asibiti, sannan ta kira iyayen. Ban tambaya ba ta gaya mini cewa a watan jiya wani yaro ya ciji wani har ya yi shaida, ta kuma faɗi abin da suka canza bayan nan.

Da na gama sai ta ce saura nata tambayoyin. Ta wane gefe Shalele ke kwanciya, me ke tsorata ta, yaya kukan yunwarta ya bambanta da na barci, me mamanta ke yi mata in ta ƙi shiru. Yaya, rabi ban sani ba. Na je auna mutane da takarda a hannu, sai ga ni tsaye kamar ɗalibin da bai yi bita ba. Na gaya mata mamanta ta rasu. Ba ta ja ta'aziyya ba, ta ce Allah Ya ji ƙanta, ta ce babu laifi, za mu koyi yarinyar tare, duk wanda ya fara gano wani abu ya gaya wa ɗan'uwansa. Sai ta tambaya ko akwai zanen mamanta da ba a wanke ba, in kawo a riƙa shimfiɗa mata lokacin barci. Ranar na fara buɗe durowar kayanta. Na ɗauki na sama, na rufe, ban tsaya duba sauran ba.

Da na jera su a takarda, gidan bakin titi ne ya ci kusan kowane layi, Anti ma shi ta zaɓa. Ni na kai ta wurin Sista, kuma dalilina ɗaya ne: a can in yaro ya yi motsi sai kan wani ya juya. Ba zan ɓoye miki aibinsu ba. Ƙarfe biyar suke tashi, kullum a guje nake zuwa. Barandar na yoyo in an yi ruwa. Makon farko ta kwaso mura, na biyu ta dawo da yaƙushi a kumatu, sun dai gaya mini yadda aka yi tun kafin in gani. Yanzu na san in ta kama kunnenta na hagu barci take ji, kuma ba ta son ƙarar injin niƙa. Na farkon su suka gano, na biyun ni.

Ranar Alhamis da ta wuce, da yamma, ina ninke kaya a falo, sai ta saki kujera ta tako taku huɗu ta faɗo kan gwiwata tana dariya. Na juya wajen ƙofar kicin zan kira mamanta, sai na tuna, na ci gaba da ninki. Da safe na gaya wa Sista, ta tafa hannu, ta kira sauran matan, suka yi ta murna suna cewa ashe a gaban babanta ta ga damar farawa. Da na koma ɗaukarta da yamma, dattijuwar da ke yi musu shara da wanke-wanke ta raka ni ƙofa. Mace ce da magana ba ta kwana a cikinta. Tana yi wa Shalele wasa sai ta ce ai tun Litinin wannan take yawo a ɗaki, amma Sista ta tara su ta ce kada wadda ta kuskura ta gaya mini, a bar ni in gani da idona a gida, wai abin da aka ɗauke wa bawan Allahn nan ya isa, kada su ƙara da wannan. Tana faɗa ta kama bakinta, ta roƙe ni kada in tona ta. Ban tona ba, Sista har yau ba ta san na sani ba. Na fito na zauna a tashar bas da yarinyar a cinyata. Ban yi kuka ba, amma bas biyu suka zo suka wuce ina kallonsu. Wannan babu shi a tambayoyin Anti, ni ma da ban san yadda zan tambaye shi ba.

To, Yaya, amsata ke nan: zan riƙe ta. Ba don na fi ki iyawa ba, kuma ban ce har abada ba. In na ga abin ya fi ƙarfina, da ƙafata zan kawo miki ita, naka sai naka. Amma yanzu ita ce ke tashe ni da safe, kuma ban san abin da zai tashe ni ba in ba ta nan. Kada ki riƙe ni a zuciya. In ƙafarki ta yi sauƙi ki zo ki yi mana ko mako guda, in kai ki ki ga wurin, gani ya kori ji. In kin ga abin da ban gani ba ki faɗa mini, zan saurara.

Ki gaishe mini da maigida, da Goggo, da Dogo da 'yan biyu, ki ce wa Auta 'yar'uwarta ta fara tafiya, ta shirya tsere. Ki yi wa Kawu godiya. Sannan in za ki ba da amsa, ki rubuto mini wane irin takalmi ake saya wa mai koyon tafiya, mai taushi ko mai tauri. Jiya na tsaya a gaban mai takalma na daɗe, na dawo ban sayi komai ba.

Wassalam. Ni ne ƙaninki,
Baban Shalele