Fayil ɗin da ka bar mini, Yaya Umaru

Zuwa ga yayana, marigayi Umaru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da kai cewa mutanen gida suna lafiya. Inna tana nan unguwar Jega Firchin, ƙafa ce dai ke damun ta. Matarka Hajo da yara duk lafiya lau.

Akwai wata rana da ban taɓa ba ka labarinta yadda ya kamata ba, don lokacin jikinka bai ba da hali ba. Ita nake so in rubuta maka.

Ka tuna shekarun da wayar hannu ta fara shigowa Jega, sai mutum ya fita bakin titi kafin ya samu sabis. Lokacin ne ka sama mini aikin buga takardu a wata makaranta a Aliero, inda kake kula musu da kwamfutoci. Kullum da safe ka goya ni a babur, mu bi bayan motocin albasa, ina toshe hanci kana dariya.

Kai ka fara nuna mini baƙin allon nan na kwamfuta da ba hoto ba linzamin dannawa, sai dai mutum ya rubuta umarni ya danna. Na ce tsoro yake ba ni. Ka ce, "Ba ta cizo, Saratu. Ki dai karanta abin da tac ce miki."

Kana da wata manhaja mai laluben rauni. Tana bin kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, tana gwada ko akwai kafar da ɓarawo zai iya shigowa ta cikinta. Amma babbar kwamfutar da ke riƙe da sakamakon ɗalibai tsohuwa ce. Ranar da ka fara sakar mata manhajar da tsarin da ta zo da shi, gwaje-gwajen suka yi mata yawa, ta ɗauke, aka yi kwana biyu ba aiki. Sai ka zauna ka rubuta naka tsarin binciken, ka cire duk gwajin da zai kayar da ita, ka adana shi a fayil ɗaya cikin filashi. Kana kiran babbar kwamfutar tsohuwa, kana lallaɓa ta kamar kakarmu.

Da damina ciwo ya kwantar da kai. Kana kwance aka gano cewa an canza makin wasu ɗalibai. Mutum ɗaya ne ke da kalmar sirrin shiga, Malam Garba magatakardan jarrabawa, dattijon nan da ke zuwa daga Maiyama kullum. Kwamitin makaranta ya ce ranar Alhamis za a sallame shi. Na same shi zaune a baranda, hularsa a hannu. Ya dube ni ya ce, "Wallahi ɗiyata, ban taɓa ba."

Da yamma na gaya maka. Ka ce sai an binciki tsohuwa da manhajar, a ga ko ta wata kafa aka shigo. Ka sa Hajo ta ɗauko filashin daga aljihun shuɗiyar rigarka. Ka tuna mini cewa an goge kwamfutar da manhajar take ciki an sake girka ta bayan kwanciyarka, don haka tsarinka ba ya nan, sai an sake shigar da shi. Ka ce maɓallin shigarwa na shafin hotuna, inda ake danna manhajar da linzami, ba ya aiki, dole sai ta baƙin allo. Ka rubuta mini umarnin a bayan takardar magani, layin ya karkace har gefen takardar.

Ranar Laraba da hantsi aka tayar da janareta, na zauna ni kaɗai a ɗakin aikinka. Na ba manhajar suna da kalmar sirri, na rubuta umarnin, na nuna mata fayil ɗin. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba, Yaya. A nan na kusa yin ha'inci. Tsarin da manhajar ta zo da shi yana nan a shafin hotuna, dannawa ɗaya ya isa. Har na ɗora hannu a kan linzami. Na san zai iya kayar da tsohuwa, sakamakon yara ya tafi, hujjar Malam Garba ta bi shi. Duk da haka na kusa dannawa, don kawai in huta da baƙin allon.

Ban danna ba. Na fita bakin ƙofar makaranta na kira ka. Muryarka can ƙasa, ka ce, "Mi tac ce?" Na ce maka ban karanta ba. Na koma da kunya na duba. Cewa take yi ba ta ga fayil mai wannan suna ba. Ashe harafin farko babba ka sa, ni kuma na rubuta ƙarami.

Na gyara na danna. Sai ga wani dogon layi na lambobi da haruffa, shaidar cewa ta karɓi tsarinka. Na ɗauki lambar na haɗa ta da aikin binciken, na nuna mata tsohuwa, na yi bisimilla.

Har na yi azahar na dawo tana aiki. Da rahoton ya fito, ya nuna wata kafa ta sarrafa kwamfutar daga nesa, a buɗe tun ranar da aka girka ta, da kalmar sirrin da ta zo da ita daga kanti. Na bi rajistar shiga kamar yadda ka koya mini. Ta wannan kafar aka shiga, daga ɗakin kwamfutocin ɗalibai, ranar wata Juma'a, daidai lokacin da Malam Garba yake sahu a masallacin Maiyama, gaban mutanen da suka san shi.

Kwamiti ya wanke shi. Washegari ya zo har gida da kaji biyu a bayan babur, ya durƙusa gefen shimfiɗarka yana ta addu'a. Kai kuwa ka juyo gare ni ka ce, "Tsohuwa ba ta hwaɗi ba?" Na ce tana nan daram. Ka yi murmushi ka rufe ido. Ba ka ga ƙarshen daminar ba.

Aikinka ni aka ba. Makon jiya muka samu sabuwar kwamfuta, na ɗauko fayil ɗin in shigar. A karon farko na buɗe cikinsa in ga ko yana buƙatar gyara. A can sama, inda mai rubutu ke barin bayanin da na'ura ba ta karantawa, na ga ka rubuta: "Na Saratu ne. Ta iya, ita ce dai ba ta sani ba." Kwanan watan da ke jiki ya nuna tun kafin ka fara ciwo ka rubuta shi.

Na rufe ƙofar ofis na yi kukana. Da na koma gida na karanta wa Inna. Ta ce in sake karanta mata, na sake.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya yi maka sauƙi kamar yadda ka kasance mai sauƙi ga kowa. Allah Ya raya abin da ka bari, Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi. Amin.

Ƙanwarka mai kewarka,
Saratu