Rufin Motata da Rawanin Surukina

Ɗayyabu Yunusa Surko,
Bayan Tashar Mota,
Birnin Kudu, Jihar Jigawa.
18 ga Agusta, 2025.

Zuwa ga Mai Girma Shugaba,
Ƙungiyar Dillalan Motoci,
Shiyyar Birnin Kudu da Gwaram.

Ranka ya daɗe,

Game da: Motar da ɗan ƙungiyarku Alhaji Ɗanbala ya sayar mini da rufin da ba ya rufuwa, da abin kunyar da hakan ya jawo mini a gaban surukina

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da gaisuwar girmamawa, ina fatan kana lafiya da iyali da dukkan 'yan ƙungiya. Ni malamin makarantar sakandare ne, shekara ashirin da biyu ina koyar da ilimin ƙasa, kuma ban taɓa kai ƙarar kowa ko'ina ba. Wallahi wannan takarda ma sau uku ina fara ta ina yagawa, domin duk inda na juya labarin ni ne abin dariya a cikinsa. Amma lokaci ya ƙure mini, dole in rubuta. Ga ƙorafina kamar haka:

1. A ranar Asabar, 12 ga Yuli, 2025, na je filin sayar da motocin Alhaji Ɗanbala da nufin sayen mota ta hannu, wadda zan yi tafiye-tafiye da ita a dogon hutun damina. Ya nuna mini motoci uku. Biyu irin waɗanda kowane malamin makaranta ke saye ne, masu ƙofa huɗu da rufin ƙarfe. Ta ukun tsohuwa ce ja, mai ƙofa biyu, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya a bar kan motar a buɗe. Ta girmi sauran nesa ba kusa ba, amma injinta lafiyayye ne, ƙarƙashinta babu tsatsa, na durƙusa na duba da kaina. Ita na zaɓa. Ina so a rubuta dalilina, Ranka ya daɗe, domin mutanen gari sun riga sun rubuta mini nasu, wai na tsufa ina neman komawa samartaka. Maiɗakina Zuwaira ba ta iya shiga rufaffiyar mota. Da an ja gilashi, warin fetur ya buge ta, sai amai. Ko gidan iyayenta da ke Farin Dutse, a ƙasar Gwaram, sai ta kwana biyu a kwance bayan ta je. 'Yar'uwarta da ke aure a Ningi kuwa rabon da ta taka gidanta har ta manta. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane duwatsu da koguna a kan allo, matata ba ta taɓa ganin ko ɗaya da idonta a cikin kwanciyar hankali ba. Na yi tunanin motar da iska ke ratsawa ita ce maganin abin.

2. Tambaya ɗaya na nanata wa Alhaji Ɗanbala, ita ce ko rufin yana rufuwa, tunda damina ce. Ya rantse mini da girman Allah cewa ko ruwan ƙanƙara ake yi ɗigo ɗaya ba zai shiga ba. Ya zaunar da ni a kujerar direba, ya nuna mini madanni, na danna, rufin ya taso a hankali ya rufe ruf. Shi kuwa yana tsaye a bayan motar, hannayensa biyu a kan tamfol ɗin, yana cewa ƙura yake karkaɗe mini. Sai yanzu na gane turawa yake yi da ƙarfinsa. Bayan an gama ciniki ya sake naɗe rufin da kansa, ya gargaɗe ni kada in riƙa yawan danna madannin, wai yana shanye batir. Sannan ya ba ni kyautar babban tamfol na lulluɓe mota. Ni da sakarcina har godiya na yi masa, na ce lallai akwai sauran mutanen kirki a harkar mota.

3. Ba zan ɓoye alherin motar ba. Ina ajiye ta a ƙarƙashin rumfa, kuma fita biyun da muka yi da Zuwaira duk gari a washe yake, ban buƙaci rufi ba. Mun je Ningi mun dawo ba ta yi amai ko sau ɗaya ba. Tana riƙe da mayafinta da hannu bibbiyu tana ta dariya, tana tambayata sunan kowane dutse da muka wuce. Na yi murna a ranar, irin murnar da ban yi ba tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Ban kawo komai a raina game da wannan riƙon mayafi nata ba.

4. A makon farko na watan Agusta, ranar da kasuwar Gwaram ke ci, aka aiko mini cewa mahaifin Zuwaira zai ga likitan ido a Birnin Kudu, saboda yanar ido ta rufe masa idon dama. Allah ya gafarta mini rubuta sunansa, amma takardar hukuma ce: Malam Ishiyaku, limamin unguwarsu a Farin Dutse, dattijo mai shekara tamanin da wani abu. Ko 'ya'yan cikinsa ba su san kamannin kansa ba rawani ba. Ni na nemi a bar ni in ɗauko shi, ina ganin ga ranar da motata za ta fitar da ni kunya. Na isa ƙofar gidansa da hantsi, kan mota a buɗe. Aka kwantar da kujerar gaba, aka taimaka masa ya shiga baya ya zauna. Na danna madanni. Rufin ya yi wani irin gurnani, ya ɗago kamar tsawon taƙi ɗaya, ya tsaya, ya koma ya kwanta. Na sake dannawa, ko motsi. Almajiransa na tsaye, mutanen unguwa na kallo, Malam kuma ya riga ya yi bisimilla ya gyara zama. Da wane baki zan ce wa surukina ya sauko? Sai na tayar da mota muka kama hanya.

5. A nan ne nake roƙon a yi mini uzuri, domin kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san abin da ke tsakanin mutum da surukinsa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da Malam ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, magana kuwa ba ta wuce gaisuwa ina durƙushe. Da na zauna na ga madubin tsakiya ya kawo mini fuskarsa sosai a gabana, sai na ji ba zan iya ba. Na sa hannu na karkatar da madubin sama, yana kallon gajimare. Shi kuma Malam, saboda irin wannan nauyin da yake ji nawa, ba zai taɓa kiran sunana ba, balle ya dafa kafaɗata. Haka muka hau kwalta, ni ba na duba baya, shi ba ya magana. Na taka mota sosai don in riga hadarin da na hango ta gabas. Ban san lokacin da iska ta kama bakin rawanin ba. An ce warware shi ta riƙa yi zagaye bayan zagaye, Malam yana kamawa da hannu ɗaya, ɗayan yana kare idonsa mai ciwo, har ta fizge shi gaba ɗaya, ta haɗa da hular da ke ƙarƙashi.

6. A haka muka shiga Gwaram, kasuwa ta cika ta batse har bakin titi. Na ga mutane suna tashi tsaye daga rumfuna, suna ɗaga hannu, suna nuno motar suna ihu. Ranka ya daɗe, ni na ɗauka motar suke yabawa. Na rage gudu don su gani da kyau. Na danna hon. Na ɗaga musu hannu ina washe baki kamar ɗan takarar kansila. A bayana kuwa limamin Farin Dutse ne zaune da kai a buɗe, furfura da sanƙo a fili, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Bayan mun fita gari wani ɗan acaɓa mai suna Badaru ya biyo mu yana kaɗa wani farin ƙyalle. Na zaci tsere yake nema, irin na matasa, sai na ƙara wuta. Bawan Allah nan bai haƙura ba, ya bi mu har sai da wani rami ya tilasta mini taka birki, ya sha gabana ya miƙo rawanin, duk ya yi dumu-dumu da taɓo. Sai a lokacin na waiwaya. Ganina na farko da kan surukina ke nan, kuma da ƙasa za ta tsage a wurin da na shige. Malam ya karɓi rawanin, ya sa wa Badaru albarka, ya naɗa shi a hankali da taɓon da komai, ya ɗaure bakin a ƙarƙashin haɓa, sannan ya ce wa iska, ba ni ba, a yi sauri kada likita ya tashi. Ban san yadda na kai mu asibiti ba, idona cike da hawaye.

7. Wani a kasuwar ya ɗauki abin a waya, ya watsa. Ɗalibaina sun gani, abokan aikina sun gani. Yanzu ko shago na shiga sai in ga yaro ya dafe hularsa yana gimtse dariya. Wannan duk mai sauƙi ne, ni na jawo. Abin da ya hana ni barci shi ne maganar da ke yawo a Farin Dutse, cewa da gangan na bar rufin a buɗe don a ga motata, na tozarta dattijo saboda burga. Yayyen Zuwaira sun daina amsa gaisuwata. Ita kanta tun ranar ba ta sake kallon motar ba, ta ce in lulluɓe ta, kuma ba ta ƙara tambayata sunan wani dutse ba.

8. Na koma wurin Alhaji Ɗanbala a ranakun 9 da 13 ga wannan wata. A zuwan farko ya ce mini ciniki ya riga ya faɗa, kuma ai mota buɗaɗɗiya na nema, buɗaɗɗiya na samu. A zuwa na biyu na tarar da shi ya tara mutane yana nuna musu hoton a wayarsa, suna ta sheƙa dariya. Ya ce mini kamata ya yi in gode masa, domin na yi suna, kuma tun da abin ya fita matasa ke zuwa tambayar irin motar. Har ya sa hoton a shafinsa na talla, da lambar wayarsa a ƙasa. Haba, Ranka ya daɗe! Kan liman ne fa ake tallar mota da shi. Makanikan da na kai wa sun ce akwai wani ƙarfe da aka cire daga injin rufin tun kafin a sayar mini, kuma sai wurin wanda ya shigo da motar, wato Alhaji Ɗanbala, za a samu.

9. Dalilin gaggawar wannan takarda shi ne, likita ya sa ranar yi wa Malam aikin ido a makon gobe, kuma ta sake faɗawa ranar kasuwar Gwaram. 'Ya'yansa sun yi shatar ƙaramar bas. Malam ya ce a mayar. Ya aiko Zuwaira ta gaya mini cewa a motata zai je, a motata zai dawo, kuma ta tsakiyar kasuwa za mu bi. Ya ce idan ya shiga wata mota mutane za su tabbatar ya yi fushi da ni, alhali shi bai ga laifin da na yi ba, kuma ba zai bari a ci gaba da cin naman mijin 'yarsa ba. Da zagina ya yi, ko ya aiko a karɓe 'yarsa na kwana biyu, da na fi samun sauƙi. Mutumin da na ratsa kasuwa da shi kai ba hula, shi ne yake neman rufa mini asiri da jikinsa. Ba zan iya ce masa a'a ba. Amma likita ya yi kashedi cewa bayan aikin kada iska ko ruwa ko ƙura su taɓa idon, kuma ga watan Agusta, kullum hadari.

Saboda haka, cikin ladabi da ƙanƙan da kai, ina roƙon Mai Girma Shugaba ya yi amfani da ikon ofishinsa ya kira Alhaji Ɗanbala, ya umarce shi ya fito da ƙarfen da aka cire, a gyara rufin nan kafin ƙarshen wannan mako, a gwada shi a gaban wakilin ƙungiya ba tare da kowa ya tsaya a baya yana karkaɗe ƙura ba. Ina kuma roƙon a sa ya cire hoton surukina daga tallarsa, yau ba gobe ba. Ba na neman a karɓi mota a mayar mini da komai, ba na neman a hukunta shi. Idan ƙungiya ta ga ya dace ya faɗa da bakinsa, a gaban ko da mutum biyu daga Farin Dutse, cewa rufin a lalace ya sayar mini, to zan gode har ƙarshen rayuwata.

Abin da ke hannuna na riga na yi. Na daidaita madubin, na ɗaure shi tamau yadda ba zai karkata ba, kuma na yi wa kaina alkawari zan kalli fuskar Malam tun daga ƙofar gidansa har ƙofar asibiti, ko da kunya za ta kashe ni a kan sitiyari. Ido ɗaya ya rage wa dattijon nan mai kyau, ɗayan kuma yana shirin damƙa mini shi amana a cikin motar da ba ta da rufi. Don girman Allah a taimake ni kada in kunyata shi sau biyu.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da adalci. Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,

Ɗayyabu Yunusa Surko
(Malamin ilimin ƙasa, Birnin Kudu)