Kifin Goggo a Akwatina

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ni na sauka gida lafiya, akwatina ne bai iso ba sai jiya, bayan kwana tara yana gantali a filayen jirgi.

Goggo, don Allah me kika sa min a ciki? Tun daga ƙofar ɗakin ajiyar kaya wari ya buge ni, na ce ɓera ya mutu a nan. Ashe abin nawa ne. Sun ware shi can lungu, taya ɗaya ta fita, gefe ya yage, wani baƙin mai yana ɗiga. Ma'aikaciyar da hanci a toshe ta miƙo min takardar sa hannu. Masu tasi biyu suka ƙi ɗaukata.

Da na buɗe a gida sai da na yi amai. Ashe kwalbar soyayyen kifi ce a ciki, murfinta ya ɓalle, kifin ya ruɓe har da tsutsa. Riguna na yafe. Amma takardar digirina, wadda na sha sanyin wajenku shekara huɗu a kanta, ta jiƙe da mai har sunana ya dushe. Ƙarshen wata zan kai ta ganawar neman aiki, kuma ta asali suke so. Abin da ya ɗaure min kai, a jakar roba mai zif na adana ta.

Ki huta lafiya.
Ɗanki

Ɗana,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Yaya babanka. Ya jikin nasa?

Wannan wasiƙa taka sai ka ce sammaci. Kifi ne fa, ba gawa ba. Kwana biyu na yi ina soya shi yadda Innarmu take yi, don an ce min babanka ba ya iya cin komai, ga shi shekara goma sha ɗaya rabonsa da girkina. Na san in na tambaye ka za ka ce nauyi, shi ya sa na bari ka shiga wanka na cusa.

Jakar roba ni na ɗauka na sa kwalbar, don kar mai ya ɓata maka kaya. Takardar kuwa na ga tana da kauri, na naɗe kwalbar da ita kar ta fashe. Ka ga ai ba ta fashe ba. Laifin masu jifa da kayan mutane ne kamar buhun gawayi.

Ka shanya ta a rana, ka fesa turare. Ilimi a ka yake. Ba a samu ko ɗan na ƙasa-ƙasa da Yaya zai taɓa ba?

Allah ya yi maka albarka.
Goggonka

Goggo,

Ina gaisuwa. Na shanya, na fesa. Turare ya gamu da ruɓaɓɓen kifi, gwamma jiya da yau.

Shugaban ganawar ya ɗaga takardar da yatsa biyu, ya sa aka buɗe taga, ya ce in dawo da wadda za ta karantu. Makaranta ta ce sabuwa sai nan da wata shida. Sun ɗauki wani.

Na karanta wa Baba wasiƙarki ina jiran ya yi faɗa. Sai kawai ya ce in tono kwalbar daga shara. Da hannunsa ya wanke ta, ya ajiye kusa da magungunansa. Yakan buɗe ya shinshina, wai can ƙasan warin yana jin girkin Inna.

Tun ranar daga bakin ƙofa nake gaishe shi.

Ɗanki