Zakaran da Ka Wurga Mana a Akurki

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da motarka da duk wanda tsautsayi ya sa ya shige ta. Yaya hanya, yaya gajiya? Inna tana samun sauƙi a asibiti, har ta fara zama da kanta. Ni kuwa jikina lau, amma zuciyata tafasa take yi.

Zakaran nan da ka sayo a bakin titi, ka wurga cikin akurkin Inna ranar da za ka tafi, ya mutu. Bai tafi shi kaɗai ba, ya ja kaji huɗu. Ka tuna na ce maka idonsa yana ruwa, yana gyangyaɗi kamar ni a gaban Malam? Ka ce gajiyar mota ce, in rufe maka baki, me 'yar allo ta sani. To, 'yar allon ce yau take kwasar mushe. Kashinsu kore shar, fukafukai a ƙasa, baki buɗe suna jan numfashi da ƙyar. Jar kazar nan da Inna take ji da ita wuyanta ya murɗe, tana kallon sama tana tafiya da baya. Na so in yi dariya, sai kuka ya zo.

Abin da ya fi ƙona min rai, Baba ni ya ɗora wa. Wai tunda ni na shafa musu jan farce kwanaki, ni na ɗaura wa ɗaya ƙararrawa ta hana Gwaggo barcin rana, to wannan ma ni na ba su wani abu. Waɗancan na yi, ban musa ba, kuma na ji daɗinsu. Amma kajin da Inna ta riƙe hannuna ta damƙa min kafin a tafi da ita? Haba! Kwana uku ke nan ina gaishe shi yana kau da kai. Na ce da ciwonsa zakaran ya zo, ya ce babban ɗansa ba ya sayen banza.

Daga ni sai kai a wurin ranar. Ka rubuto masa gaskiya, layi biyu ba za su karya maka hannu ba.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka,
Barkono

Yaya,

Sallama da gaisuwa, don dai an koya mana ne. Ina fatan kana lafiya, ko da yake shirunka ya sa na fara zaton hannun ya karye da gaske.

Cikin kaji goma sha huɗu saura biyar. Baba ya ce a kai su kasuwa tun suna iya tsayuwa. Gwaggo ta ce a'a, a kai gidanta su sha iska, ita da ke da kaji ashirin a tsakar gida! Na datse akurkin da kwaɗo, na cusa mabuɗin cikin buhun dusa. Ba irin zagin da ban sha ba. Na bar su suna juye tukwane suna neman mabuɗin, na tafi da ƙafata na ɗauko malamin dabbobi.

Ya ce ciwon ba shi da magani, sai rigakafi tun kafin ya shigo. Yana bin numfashi da kashi, har da ƙasan takalmi. Ya ce wanda ya sayar maka ma irin dabarar Baba ya yi, ka ga kai ne kasuwar tasa. Ya sa na ware masu ciwo, na binne matattu a rami mai zurfi, na wanke akurki da kwanonin ruwa da magani har hannuna ya yi fari. Kajin Gwaggo ya ɗiga musu rigakafi a ido, tana ta mita. Ya kuma ja min kunne: duk sabuwar kaza sai ta yi sati biyu ita kaɗai kafin a haɗa ta da saura.

Baba yana tsaye ya ji komai. Da mutumin ya fita, sai ya ce ai malamin ba ya nan ranar, ɗansa lafiyayyen zakara ya kawo.

Jiya kuma abokinka direban tankar mai ya yi sallama da kwali a hannu. Wallahi na ɗauka wasiƙarka ce zuwa ga Baba a ciki, har na ce Allah ya yi maka albarka. Ina buɗewa sai ga wani zakara! Da saƙo wai in daina ƙorafi, in sake shi cikin kajin. Yaya, anya kanka ɗaya?

To, na bi umarnin malamin. Wuri mai ƙofa da babu kowa a gidan nan ɗakinka ne kaɗai. Baƙon naka ya fi son katifa, jakar kayanka kuma can yake zagayawa. Malamin ya ce sati biyu. Ni na ce sai ranar da ka tsaya gaban Baba ka faɗa da bakinka. Ina ba shi abinci sau uku, yana ci sosai.

Allah ya kawo ka lafiya, in ka ga dama.
Ƙanwarka,
Barkono