Ramar da Ta Tsorata Surukai

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Fatakwal, ya iyali? Ya ƙafar Hajiya Binta? Mu nan Kambarawa sai godiya.

Aikin da aka yi mani bara a pankiriyas, gaɓar da ke daidaita sukari, ya bar baya da ciwo. Sukari ya kama ni, abinci ba ya zama a cikina, na rame har rigunana sun yi mani yawa. Likita ya ce hakan yakan biyo baya, ya ɗora ni kan allura da ƙwayoyi.

Ka san ba tsaga ni aka yi ba, 'yan huji aka yi aka zura na'ura. Da mutane ba su ga ɗinki ba, sai raɗa ta tashi wai ƙanjamau ne. Ranar Juma'a Alhaji Mamman, kawun yaron da zai auri ɗiyarmu Zainabu, ya zo wai a ɗaga biki "har Malam ya ji sauƙi".

A zaure, gaban kowa, na ɗage riga na nuna mashi tabon hujin. Na ce, "Alhaji, ga ciwona, dube shi da kyau. Ranar da aka sa ba za ta motsa ba. In kun fasa, ku faɗa da bakinku." Ya miƙe ya yi sallama, har yau ba su ce sun fasa ba.

Ka sa ni a addu'a, ka gaida yara. Kuma ka taho, kai ne waliyyi. Ni zan tsaya bakin ƙofa ina tarbar baƙi, mai son kallon rama ya zo ya ƙoshi.

Ƙanenka,
Lawal