Ban kai garin da nic ce na je ba

Assalamu alaikum jama'ar wanga gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wanda zai zage ni ya zaga, na ci zagi, amma in ya gama ya hwaɗa min abin yi.

Ni manomin albasa ne a wajen Lahodu, na wuce shekara arba'in, boko aji huɗu nit tsaya. Tun da mahaihinmu ya rasu ni ka riƙon gida, ni da ƙanena, autan Inna. Shi ya yi karatu har ya samu takardar malanta, ya shekara ukku ba aiki, kullum muna hwadama tare. Shi ka tada injin ban ruwa in ya ƙi, shi ka duƙawa dashe, ni bayana ya riga ya gaji.

Watan jiya anka ɗauke shi koyarwa, anka tura shi wata furamare can gaba da Goronyo. Inna tac ce ba inda za shi sai ni babban wa na je na ga wurin da idona, na samo mishi mai masauki, wai haka mahaihinmu ya saba yi in ɗan gida zai zauna wani gari. Nic ce to. Yaron da kainai ya wanke min mashin, ya ɗaura min gorar ruwa.

Jama'a, ban wuce kasuwar Goronyo ba. Na tsaya sayen taki, nit tuna dashen albasa ya matso, ga fangalin shuka jibge ba a dasa ba, ga ciwon bayana, in ya tahi ba mai taya ni. Nis samu inuwa, nic ci kihi, niz zauna har la'asar, nij juyo gida. Nic ce ma Inna makarantar ba rufi, ba ruwan sha, mutanen garin ko sallamata ba su amsa da kirki ba, balle su ba baƙo ɗaki. Nan take tac ce in ya tahi ba da yawunta ba. Bai yi mata musu ba. Ni kaɗai ya biyo zaure ya tambaye ni, wai Yaya har cikin ajin ka shiga? Nic ce har ciki. Yac ce shi ke nan, Allah ya saka da wahalar da nis sha.

Shekaranjiya na koma Goronyo gyaran inji. Wani dattijo a rumfar bakanike, ashe mutumin garin makarantar ne, ya ji an ce daga Lahodu nike, sai ya matso, wai ko na san sabon malamin da anka ce za a turo musu daga wajenmu. Yac ce ɗaki na nan gidanai, an yaɓe an share, har tabarma sabuwa ya shimfiɗa, matatai ta ɗauki abincin malam a kanta. Malami guda gare su, aji shidda, yara su zo su yi ta kokawa su watse. Ya dube ni yac ce, ko dai malamin ya raina mu ne, ɗana? Nic ce ban san shi ba. Ƙanena, ciki guda, nic ce ban san shi ba.

Litinin mai zuwa in bai kai kainai ba, wani za a ba aikin. In na hwaɗa ma Inna gaskiya, ga hawan jini gare ta, kuma ba ta sake yarda da bakina ba har mu rabu, ni da ta ɗora bisa gidan. Na yi tunanin in ce na koma na iske an gyara wurin, amma ranar da ya sauka garin zai ji ba a taɓa ganin ƙahwata can ba. Albasa kam na haƙura, ta yi ko ta lalace.

To mi za ni yi? Shi zan hwara gaya ma ko Inna? Ko in ɗauke shi bisa mashin mu je gidan dattijon, ya ji da kunnenai?

Jiya ƙanen nawa ya kawo min rigar da ya ɗinka don ranar shiga aji, tana cikin leda ko sa ta bai yi ba. Wai in riƙa zuwa Juma'a da ita, shi hwadama ba ta son hwarin kaya. Na amsa, na yi godiya. Tana nan rataye, na kasa ɗaga kai in dube ta.